Daga katakon kasuwa zuwa jitar bas: abin da sabon kafinta ya kamata ya sani kafin ya sa zarto

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan zamani a wurin biki, a Duwala ko Kumasi ko Yamai, ya san wata murya mai kauri da ƙirji ke ji kafin kunne ya tantance ta. Jitar bas ce ke fitar da ita, wadda a Najeriya da Gana ake kira bes. Yawancin waɗanda ake gani a shagunan yankin daga Asiya ko Turai aka shigo da su, alhali wani ɓangare na katakon da manyan kamfanoni ke aiki da shi daga dazukan Kamaru da Gabon da Gana yake fita. Shin matashin da bai daɗe da riƙe zarto ba zai iya haɗa tasa da hannunsa? Zai iya, muddin ya gane tun farko cewa aikin ya fi karkata ga awo bisa ga sassaƙa, kuma ya san abin da zai ƙera da abin da ya kamata ya saya.

Jitar da aka tsara don a ɗaure ta da sukuru

Sauƙin aikin ya samo asali ne daga mutumin da ya yaɗa wannan jita a duniya. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, kuma shi kansa ba makaɗin jita ba ne. A 1951 ya fito da Precision Bass. Kafin shi, Paul Tutmarc ya ƙera makamanciyarta a Seattle cikin shekarun 1930, amma ba ta samu kasuwa ba. Makaɗa sun ci gaba da fama da ƙatuwar bas ta tsaye, mai tsayin mutum, mai wuyar ɗauka, wadda ganguna da kakaki ke danne muryarta.

Fender ya yi tunani irin na mai gyara. Ya yanka gangar jikin daga shimfiɗaɗɗen katako, ya ƙera wuyan daban, ya haɗa su da sukuru huɗu, ta yadda in ɗaya ya lalace za a kwance a sauya. Wannan tsari ne ya buɗe wa mai koyo ƙofa: ba sai ya lanƙwasa siririn katako ko ya rarake ciki kamar na jitar gargajiya ba.

Haɗa abin kiɗa da hannu ba baƙon abu ba ne a yankin. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Richard Bona, ɗan Kamaru da aka haifa a Minta a 1967, wanda yanzu yana cikin fitattun makaɗan bas na duniya, ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro da wayar birkin keke. Haka shi ma Mdou Moctar na Nijar ya fara. Sai dai akwai bambanci babba. Molo da gurmi da kuntigi ba su da ƙarafan da ke gitta wuya, don haka yatsan makaɗi da kunnensa ke nemo sauti. A jikin bas kuwa an kafa waɗannan ƙarafa, da ake kira firet, a wuraren da lissafi ya tsayar. In mai ƙira ya kuskure awo, babu gwanintar makaɗi da za ta gyara masa.

Mene ne aikin katako a cikinta?

A gurmi, duma da fata ne ke ƙara sauti. A bas ta lantarki, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, aka ajiye shi a ƙarƙashin tsirkiya. Makaɗa a ƙasashen da ke magana da Faransanci suna kiransa mikuro, a Najeriya da Gana fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki, wanda waya ke kai wa amfilifaya. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a nan, kuma shi ya sa gangar jikin ba ta buƙatar rami.

Babban aikin katako shi ne ya riƙe wurare biyu kada su motsa: ƙaramin jakin da ke kan wuya, da babban jakin da ke kan gangar jiki. Tsirkiyoyi huɗu, Mi da La da Re da Sol, idan aka ɗaure su daidai, jan da suke yi ya haura kilo 70, dare da rana, har tsawon shekaru. Mafi kauri a cikinsu tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, mafi siranta sau 98. Katakon da bai bushe ba, ko wuyan da ba shi da ƙarfi, ba zai jure wannan ja ba. Zai lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da firet, jitar ta gagari yatsa.

Abin da za a saya kafin a yanka komai

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a yanka katako sannan a tafi neman kayan ƙarfe. Jaki da mikuro da wuya ba girmansu ɗaya ba daga kamfani zuwa kamfani, kuma ramin da aka riga aka rarake ba ya komawa. Kaya su fara zuwa hannu, a auna su, sannan a yi zane.

Kayan su ne: wuya da firet ɗinsa da makullan ɗaure tsirkiya huɗu, babban jaki, mikuro, maɓallan murɗawa biyu, ƙaramar kafasita, ramin sa waya, farantin ƙarfen bayan wuya da sukurunsa, maƙalan ɗamara biyu, farantin robar da ke rufe gaban jita, sai tsirkiya. Ana samun irin waɗannan a shagunan kayan kiɗa na manyan birane, misali kasuwar Alaba a Legas, ko ta hanyar odar intanet. Hanya mafi arha sau da yawa ita ce a sayi tsohuwar bas da jikinta ya fashe ko wayoyinta suka mutu, a kwashe kayanta.

Shawarar da ta fi muhimmanci ga mai farawa ita ce ya sayi wuya, ya ƙera gangar jiki. A wuya ne duk wahalar take: sandar ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa, tsagar firet ashirin, da daidaita tsayinsu. Kafin a biya kuɗin tsohon wuya, a ɗaga shi a hango shi daga kai zuwa gindi kamar yadda ake duba miƙewar gora. Ɗan lanƙwasa gaba ko baya yana gyaruwa, amma wuyan da ya murɗe kamar igiya a bar wa mai shi. A sa makulli a gwada sandar ƙarfen, a tabbatar tana juyawa dama da hagu. A duba firet, kada tsirkiya ta riga ta ci su har sun yi kwari.

Tsarin Precision ya fi dacewa da aikin farko, domin mikuro ɗaya ne da maɓalli biyu. Tun 1957 aka raba mikuron gida biyu, aka naɗe su ta fuskoki mabambanta, abin da ke kashe gunjin da wutar gida ke jawowa. Jazz Bass da ta fito a 1960 tana da mikuro biyu da ƙarin wayoyi, kuma ta fi saurin ɗaukar wannan gunji idan aka buɗe mikuro ɗaya kawai.

Katakon da ke kasuwannin yankin

Fender ya yi amfani da itatuwan Amurka saboda su ne a kusa da shi kuma masu arha. Mai ƙira a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba ya buƙatar neman su, domin abin da ke kasuwarsa shi wasu ke shigarwa da tsada. Farin katakon nan da ake kira afara a Najeriya, ofram a Gana, farake ko limba a Kamaru, shi ne kamfanin Gibson ya ƙera jitocinsa Flying V da Explorer da shi a 1958, yana kiransa korina. Kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna da bas mai wuyan wenge da jikin bubinga. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan baƙin katakon eben ta Crelicam a Yawunde, don allon yatsun jita.

Abin da mai koyo zai fara dubawa shi ne nauyi. Gangar jikin bas ta kai kimanin lita biyar na katako. Ayus, wanda ake kira wawa a Gana, obece a Najeriya, bai kai gram 400 a kowace lita ba, don haka jikin zai tsaya wajen kilo biyu. Afara ta haura gram 500 kaɗan, sapele na kusan 650, bubinga kuwa ta doshi 900, wato jiki kaɗai zai wuce kilo huɗu kafin a ɗora wuya da ƙarafa. Cikakkiyar bas da kafaɗa ke iya ɗauka tsawon daren biki tana wajen kilo huɗu ne gaba ɗaya.

Saboda haka afara da akaju na kurmi su ne tsaka-tsaki: suna yankuwa da sauƙi, suna riƙe sukuru, ba su da nauyin tsiya. Ayus yana da daɗin aiki amma yana da taushi, yana lotsewa da ɗan bugu, kuma sukurun maƙalin ɗamara na iya kwancewa a cikinsa sai an cusa guntun katako mai tauri a wurin. Maɗacin da aka sani a ƙasar Hausa ɗan uwan akaju ne, sai dai ya fi shi nauyi da tauri. Wenge da eben da jan katakon paduk sun fi dacewa da wuya da allon yatsu. Ƙurarsu da ta loko tana sa atishawa da ƙaiƙayi, kuma sartsen wenge yana saurin ruruwa, don haka a rufe hanci da baki, a cire sartse nan take.

Ana buƙatar katako mai tsawon santimita 55, faɗin 36, kaurin 4.5 bayan an share shi. Ba dole ya zama guda ɗaya ba. Manyan kamfanoni ma biyu ko uku suke haɗawa da farin gam na kafinta. Sharaɗin shi ne gefunan su haɗu ba tare da haske na ratsawa ba, a matse su da ƙarafan matsi, ko a naɗe su tam da robar tayar babur, a bar su kwana guda.

Ɗanyen katako da hunturu

Yawancin katakon da ke kasuwa, ko a Sokoban ta Kumasi ko a kasuwar Katako ta Yamai, don rufin gida da ƙofa aka yanka shi, ba a jira ya bushe sosai ba. Masu ƙera jita a masana'anta suna aiki da katakon da ruwan cikinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar awon danshi zai iya amfani da sikeli: ya auna katakon, ya rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa, ya ajiye shi a inuwa cikin ɗaki bisa ƴan sanduna don iska ta ratsa, ya shafe bakunan biyu da fenti ko kakin kyandir don kada su tsage. Duk mako ya sake aunawa. Ranar da nauyin ya daina raguwa makonni uku ko huɗu a jere, katakon ya daidaita da iskar garin. Wannan na iya ɗaukar watanni. Shanya shi a rana don a gaggauta ba ya haifar da komai sai tsagewa. Mai son gajeriyar hanya ya nemi tsohuwar ƙofa ko tebur ko gadon da ya shekara ashirin a ɗaki, ya cire ƙusoshin da kyau.

Ga masu zirga-zirga tsakanin bakin teku da arewa, akwai ƙarin abin lura. Katako na kumbura da ƙanƙancewa ne ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Bas ɗin da aka haɗa cikin laimar Duwala ko Kwatano, idan ta isa Marwa ko Injamena a tsakiyar hunturu, allon yatsunta zai tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansa su fito suna yankar hannu. Wuyan ma zai sauya lanƙwasa. Maganin shi ne a busar da katako a garin da jitar za ta zauna, kuma in bakunan firet sun fito, a goge su da ƙaramar magagari a lokacin rani, sa'ad da katakon ya kai ƙarshen tsukewarsa.

Layin tsakiya da lamba 864

Abu biyu ne ke yanke hukunci ko jitar za ta kaɗu ko za ta zama adon bango. Na farko layin tsakiya, wanda ke tashi daga kan wuya ya ratsa mikuro ya ƙare a tsakiyar jaki. Na biyu tsawon tsirkiya tsakanin jakunan biyu. A bas ta yau da kullum inci 34 ne, wato milimita 863.6. Akwai gajeriya mai inci 30, milimita 762, wadda ta fi sauƙi ga mai ƙananan hannu.

Kada a dogara da abin da mai shago ya faɗa game da wuyan da aka saya. A ɗauki rula ta ƙarfe a auna daga bakin ƙaramin jaki zuwa tsakiyar firet na 12, sannan a ninka biyu. In an samu milimita 431.8, wuyan na inci 34 ne. Firet na 12 shi ne rabin tsirkiya daidai, kuma daga gare shi ake auna inda babban jaki zai zauna.

Wanda ya nace sai ya ƙera wuya da kansa, lissafin firet ɗaya ne a duk duniya: a raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko. A cire shi, a raba ragowar da lambar nan, a samu na biyu, haka har ƙarshe. A tsawon 863.6, firet na farko yana milimita 48.5 daga ƙaramin jaki, na biyu 94.2, na uku 137.4, na biyar 216.6, na bakwai 287.2. Kowane awo daga ƙaramin jaki ake ɗaukarsa, ba daga firet ɗin da ya gabata ba, don kada ƙananan kurakurai su taru su zama babba. Tsagar kanta ba ta wuce milimita 0.6 ba, abin da zarton kafinta na yau da kullum ba zai iya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a bar wuya sai a jita ta biyu.

Jerin aikin gangar jiki

A fara da zanen jitar a cikakken girmanta a kan kwali, da layin tsakiya, kamar yadda tela ke fitar da samfurin riga. A mai da zanen kan filawud, a yanka, a goge gefensa sumul. Duk wani karkata da aka bari a samfur zai koma kan katako mai tsada, don haka a ɓata lokaci a nan. Farantin robar da aka saya yana nuna inda mikuro da maɓallai za su zauna. Ƙahon sama na jitar ya kai daidai firet na 12 ko kusa, in ba haka ba kan jitar zai riƙa rinjaya ƙasa duk lokacin da makaɗi ya saki hannu.

Ramin wuya ake fara rarakewa, tun katakon yana da kusurwa huɗu, saboda injin ya samu shimfiɗar da zai zauna. A tsarin Fender zurfinsa milimita 16 ne, faɗinsa wajen 63, amma gindin wuyan da ke hannu shi ne alƙali. A kwantar da wuyan bisa layin tsakiya, a jingina miƙaƙƙun katakai biyu a gefensa da ɗaya a gindinsa, a kafe su, a ɗauke wuyan: an samu samfurin ramin. Injin rauta, wanda kafintocin ƙasashen Faransanci ke kira defonsez, shi ya fi dacewa. Kada a ci fiye da milimita uku ko huɗu a zagaye ɗaya, a ɗaure katakon da kyau, a sa tabarau, a zare waya daga soket kafin a taɓa bakin injin. Wanda bai taɓa riƙe shi ba ya kai wa kafinta mai injin, ya tsaya a kansa da rula. In babu injin, ana iya kwashe yawancin katakon da injin huda, a ƙarasa da kurfi mai kaifi, a hankali, ana gwada wuyan bayan kowane ɗan sassaƙa. Ramin da ya yi daidai shi ne wanda wuya ke shiga da ɗan turi ba tare da guduma ba, kuma ba ya girgiza.

Bayan wuya ya zauna, a ɗora doguwar rula a gefensa na dama a ja layi har gindin jiki, a yi haka a hagu. Tsakiyar layukan biyu ita ce ainihin tsakiyar jaki, ko da ta ɗan kauce wa layin farko. A turo ƴan ƙarafan da tsirkiya ke hawa kusan ƙarshen gaba, a daidaita na tsirkiyar Sol da milimita 432 daga firet na 12, domin a wajen saiti baya ake ja, ba gaba ba. Kafin a huda, a ɗaura zare biyu a madadin tsirkiyar farko da ta ƙarshe, a ga ko tazararsu da gefen wuya ɗaya ce.

Daga nan sai ramin mikuro da na wayoyi, sannan a yanka siffar jiki, a bar milimita biyu a wajen layi, a ƙarasa da magagari da samfefa. A zagaye gefuna, a fafe inda ciki da damtse ke jingina. Wajen sukuru, a huda rami kafin a ɗaura kowanne, a naɗa salatif a bakin abin hudar don kada ya zarce ya fito ta allon yatsu, a goga sabulu ko kyandir a zaren sukurun. Ƙananan sukurun makullai suna yawan karyewa a cikin katako mai tauri, kuma fitar da karyayye aiki ne.

Kafin fenti, a haɗa jitar gaba ɗaya a kaɗa ta. Duk gyaran da ya rage a nan zai bayyana, lokacin da kurfi ba zai ɓata komai ba.

Wayoyi, da haɗarin da ba a cika faɗa ba

Haɗin wayoyin Precision bai kai na ƙaramar rediyo wuya ba: maɓallai biyu masu lamba 250k, ɗaya na ƙarfin murya ɗaya na laushinta, kafasita mai lamba 0.047, da ramin waya na milimita 6.35. Kowane mai gyaran rediyo zai liƙa su da dalma cikin ɗan lokaci. Abin da ake mantawa shi ne wayar da ke tashi daga ƙarƙashin babban jaki zuwa bayan maɓalli, wadda ke buƙatar a huda mata hanya tun kafin fenti. In babu ita, jitar za ta riƙa ƙugi. Shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin wayoyi, a haɗa ta da wannan waya, yana ƙara rage hayaniya.

Wannan wayar ce kuma ke haɗa hannun makaɗi da jikin amfilifaya. Idan amfilifaya na da matsala, soket kuma ba shi da wayar ƙasa, wutar gida na iya biyowa ta tsirkiya. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jitar lantarki. A wuraren biki inda ake jan waya daga janareta ko daga gidan maƙwabci, kada a cire ƙafa ta uku ta fulogi, kada a yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, kuma duk wanda ya ji tsirkiya ko makirufo na ɗan cizonsa ya kashe kaya a kira mai gyara.

Shafe da saiti

A goge jiki da samfefa daki-daki, lamba 80, 120, 180, 220, kullum ana bin tsawon katako. Ga mai koyo, man shafe katako ko banish da ake gogawa da tsumma sun fi feshi sauƙi: siririn shafi, a bari ya bushe, a ɗan goge, a maimaita sau biyar ko shida. Mai son launi ya kai wa masu fentin mota. Kada fenti ya taru a ramin wuya. Tsumman da ya sha man katako kuma a shanya shi a buɗe, domin in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Saiti yana da jeri, kuma ba a tsallake shi. A ɗaure tsirkiya daidai da manhajar saiti ta wayar hannu. A danne tsirkiyar Mi a firet na farko da na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas: kimanin milimita 0.3 ake so, kuma siraran ƙarafan da makanikai ke auna fulogi da su sun isa awon. In tazarar ta yi yawa, a murɗa sandar wuya dama, in babu ita sam, a murɗa hagu. Rubu'in zagaye kawai, sannan a dakata wuyan ya zauna. Sandar da ta ƙi juyawa ba a tilasta mata, domin in ta karye wuyan ya tashi aiki.

Na biyu, a ɗaga ko a sauke ƙarafan jaki har tsirkiya ta tsaya wajen milimita 2.5 sama da firet na 17. Na uku, a kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a firet na 12: sautin ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi siranta. In manhaja ta nuna ya zarce sama, a ja ƙarfen jaki baya, in ya gaza, a turo shi gaba. Daga ƙarshe a daidaita mikuro ya tsaya kimanin milimita uku ƙarƙashin tsirkiya idan an danne ta a firet na ƙarshe.

Ƙetare iyaka da katako

Ga ɗan zango da ke son aika wa ɗan'uwansa katako daga wata ƙasa zuwa wata, akwai doka. Yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa bubinga da maɗobiya cikin jerin masu buƙatar takardar izinin fitarwa tun 2017. A taron Panama na 2022 aka ƙara dangin maɗaci da kawo da paduk na Afirka. An sassauta wa kayan kiɗan bubinga da aka gama ƙerawa a 2019, amma gungume da yankakken katako suna nan ƙarƙashin doka. Tambaya a ofishin gandun daji kafin tafiya ta fi a ƙwace kaya a bakin iyaka.

Batun kuɗi kuwa, bas ta farko ba lallai ta fi tsohuwar da aka shigo da ita daga Sin arha ba, idan aka haɗa kuɗin kaya da na injin da watannin jira. Ribar tana wani wuri. Wanda ya haɗa guda ɗaya ya san dalilin da ke sa wuya lanƙwasa, tsirkiya ta yi ƙara a kan firet, ko jita ta yi ƙugi. A ɗakunan ɗaukar waƙa da majami'u da wajen makaɗan biki akwai jitoci da yawa da aka jingine saboda irin waɗannan matsaloli, waɗanda rula da makulli da ɗan dalma za su mai da su bakin aiki, kuma masu su a shirye suke su biya wanda ya iya.